Biyan ɗan'uwa kuɗin aikin ofis: Abin da dokar haraji ta tanada

A yawancin ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Najeriya, mutumin da ke riƙe da littafin ciniki, yake rubuta rasit, yake zuwa banki, yake amsa kiran abokan hulɗa, na gida ne. Wani lokaci ƙanen mai dukiyar ne, wani lokaci matarsa, ko 'yarsa da ta kammala karatu tana jiran aiki, ko ɗan yayansa da ya iya kwamfuta. Haka lamarin yake daga Kantin Kwari a Kano zuwa kasuwar Wuse a Abuja da kasuwar Alaba a Legas. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mutane kaɗan ne ke yarda su damƙa sirrin kuɗinsu a hannun bare.

Abin da ba a cika tsayawa a tantance ba shi ne matsayin kuɗin da ake ba wannan mutum idan wata ya ƙare. Wani maigida ya kira shi kuɗin sabulu, wani ya ce na mai, wani ya ce alheri, kaɗan ne ke kiransa albashi. A cikin gida duk ma'anarsu ɗaya. A gaban hukumar haraji kuwa, kuɗin ko dai kyauta ne ko ladar aiki, kuma kowanne da hukuncin da ke biye da shi. Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2026, lokacin da sababbin dokokin haraji suka fara aiki, barin wannan tambaya babu amsa na iya jawo wa mai sana'a tara, ya kuma bar ɗan'uwan da ya yi shekaru yana hidima ba tare da wata shaida a hannunsa ba.

Dokokin da suka shafi lamarin

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan dokoki huɗu da suka samo asali daga aikin kwamitin gyaran haraji na Fadar Shugaban Ƙasa, wanda Taiwo Oyedele ya jagoranta. Ta farko ita ce Dokar Haraji ta Najeriya, wadda ta tattaro tsofaffin dokoki da dama wuri guda, har da dokar harajin kuɗin shigar mutum da ta kamfanoni. Ta biyu ta tsara yadda ake gudanar da haraji, wato rajista da miƙa bayanai da hukunci. Ta uku ta kafa Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Najeriya, NRS, a madadin FIRS. Ta huɗu ta kafa hukumar haɗin gwiwa ta masu tattara kuɗin shiga na tarayya da na jihohi, tare da ofishin sauraron koken masu biyan haraji.

Babu inda waɗannan dokoki suka hana mutum ɗaukar ƙanensa ko matarsa aiki a sana'arsa. Babu kuma wani sassauci da suka ware saboda zumunci. Miji da mata ma kowa da lissafinsa daban, domin Najeriya ba ta da tsarin haɗa kuɗin shigar ma'aurata a caje su haraji tare. Tambayoyin da jami'in haraji zai yi su ne: an yi aikin da gaske? Aikin na sana'ar ne? Abin da aka biya ya dace da aikin?

Kyauta ko ladar aiki

Kyauta ta gaskiya, irin wadda yaya ke ba ƙanwarsa don hidimar biki ko ɗa ke aika wa mahaifiyarsa na cefane, ba kuɗin shiga ba ce a wurin wanda aka ba, don haka babu haraji a kanta. Sai dai mai bayarwa ba shi da ikon rubuta ta a cikin kuɗin gudanar da sana'a don rage ribar da za a caje shi haraji a kai. Daga aljihunsa take fita, bayan an riga an lissafa riba.

Ladar aiki akasin haka take. Mai sana'a yana da damar cire ta daga abin da ya samu kafin a fitar da riba, amma ta zama kuɗin shiga a hannun wanda ya karɓa. Sunan da aka sa wa kuɗin ba ya canza hukuncinsa. Idan ana ba mutum Naira 100,000 duk ƙarshen wata, kuma kowa ya san za a daina ba shi ranar da ya daina zuwa ofis, albashi ne, ko da an rubuta “alheri” a bayanin tura kuɗin. Haka nan goron sallah da kuɗin ƙarshen shekara da ake ba ma'aikaci saboda aikinsa, duk suna cikin abin da ake lissafawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne son cin moriyar ɓangarorin biyu lokaci guda: a rubuta kuɗin a littafin kamfani a matsayin albashi don a rage haraji, idan kuma aka zo batun cire harajin ma'aikaci sai a ce ai taimakon ɗan'uwa ne. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya amfana da ragin ya ɗauki nauyin da ke tare da shi.

Sharaɗin cire albashin daga riba

Sabuwar dokar ta yarda a cire kuɗin da aka kashe ne idan an kashe shi baki ɗaya, kuma kacokan, domin samar da kuɗin shigar da ake caja wa haraji. Ta kuma hana cire kuɗin hidimar gida da buƙatun ƙashin kai. A nan ne aikin 'yan'uwa ke yawan cakuɗewa, domin wanda ke kai kuɗin shago banki da safe shi ne ke ɗauko yara daga makaranta da rana, ya kai Hajiya asibiti da yamma.

Idan aikin rabi na shago ne rabi na gida, ɓangaren shago kawai ya kamata a rubuta a littafin sana'a. Ma'aikacin da ke biyan ƙanwarsa don ta riƙa bin takardun fanshon mahaifinsu ko biyan kuɗin wuta da na makaranta ba shi da abin da zai cire daga harajinsa, tunda wannan hidimar gida ce. Mai gidajen haya da ke biyan ƙanensa don karɓar kuɗin haya da rubuta rasit da kula da gyare-gyare lamarinsa daban ne, saboda kuɗin haya kuɗin shiga ne da ake biya wa haraji, kuma ladar mai karɓarsa tana cikin abin da aka kashe wajen samar da shi.

Akwai kuma bambanci tsakanin wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, da wanda ya kafa cikakken kamfani. Na farko shi da sana'arsa mutum ɗaya ne a idon doka. Ribarsa ana caje ta ne a matsayin kuɗin shigarsa, kuma abin da yake ɗiba don kansa ba albashi ba ne da za a cire. Kamfani kuwa yana da matsayinsa na daban, yana iya biyan mai shi albashi, yana iya biyan matarsa da 'ya'yansa idan suna aiki. Kamfanonin da doka ta ɗauka ƙanana ba sa biyan harajin riba, manya kuma suna biyan kashi 30 cikin 100. Amma yafewar da aka yi wa ƙaramin kamfani ba ta ɗauke masa wajibin cire haraji daga albashin ma'aikatansa ba.

Nawa ne harajin da ke kan ɗan'uwan

Harajin kuɗin shigar mutum hawa-hawa ne, kuma a kan abin da ya samu a shekara ake lissafa shi. Naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100. Naira miliyan 9 da ke biye, kashi 18. Naira miliyan 13 da ke biye, kashi 21. Naira miliyan 25 da ke biye, kashi 23. Abin da ya haura Naira miliyan 50, kashi 25. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato Naira 70,000 a wata bisa dokar 2024, an yafe masa.

A ɗauki misalin matashiyar da ke riƙe wa kawunta lissafi a kan Naira 150,000 a wata, wato Naira miliyan 1.8 a shekara. Bayan an ware Naira 800,000, saura miliyan 1. Kashi 15 na wannan shi ne Naira 150,000 a shekara, ko Naira 12,500 a wata.

Sabuwar dokar ta soke tsohon sassaucin bai-ɗaya da ake yi wa kowane mai albashi, ta kawo sassaucin kuɗin haya: kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, muddin bai wuce Naira 500,000 ba. Idan wannan matashiya tana biyan hayar Naira 300,000, za a rage mata Naira 60,000 kafin lissafi, harajinta ya sauko zuwa Naira 141,000 a shekara, wato Naira 11,750 a wata. Idan a gidan kawun take zaune ba ta biyan haya, ba ta da wannan ragi. Gudummawar fansho da ta inshorar lafiya da ta asusun gidaje na ƙasa su ma ana cire su kafin a lissafa haraji.

Naira 800,000 da aka yafe sau ɗaya ake ba mutum, komai yawan wuraren da yake aiki. Idan ɗan'uwan yana da wani aikin da ke kawo masa Naira miliyan 3 a shekara, to miliyan 1.8 da zai samu a shagon gida za ta faɗa hawa na kashi 18, harajinta ya zama Naira 324,000 maimakon 150,000.

Dalilin da ya sa hukuma ke sa ido

Biyan ɗan'uwa albashi na iya rage jimillar harajin da gida ke biya, kuma halal ne a doka idan aikin na gaske ne. Ɗan kasuwan da ribarsa ta kai Naira miliyan 15 a shekara zai biya harajin Naira 2,580,000. Idan ya biya ƙanensa miliyan 1.8 don aikin ofis, ribar ta koma miliyan 13.2, harajinsa ya sauko zuwa Naira 2,202,000. Ya samu ragin Naira 378,000, ƙanen ya biya 150,000, gidan ya tsira da Naira 228,000.

Wannan ragi ne ke jan wasu zuwa ga wuce gona da iri, ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce kumbura albashin. Idan ɗan kasuwan ya rubuta wa ƙanen Naira 500,000 a wata don aikin da bare zai yi a kan 150,000, harajinsa zai koma Naira 1,410,000, na ƙanen ya hau zuwa 870,000. Ƙarin ribar da gidan ya samu da wannan dabara Naira 72,000 ce kacal a shekara. Idan kuwa hukuma ta ƙi amincewa da ƙarin, za a nemi ɗan kasuwan ya cika Naira 792,000, ban da tara da kuɗin ruwa.

Hanya ta biyu ita ce jera sunayen 'yan gida da ba sa aikin komai. A rubuta wa mutum biyar Naira 60,000 kowanne a wata, babu wanda ya kai matakin haraji, a kuma zaftare Naira miliyan 3.6 daga riba. Waɗannan ma'aikatan bogi ne, kuma miƙa wa hukuma lissafin da ya ƙunshe su bayanin ƙarya ne da doka ta ɗauka laifi.

Tun a tsohuwar dokar harajin kuɗin shigar mutum, sashe na 17 ya ba hukumar haraji ikon yin watsi da duk wata ma'amalar da ta gano ta jabu ce ko ta shiri, ya kuma ambaci ma'amala tsakanin dangi idan ba a yi ta bisa sharuɗɗan da baƙi biyu za su yi ba. Sababbin dokokin sun riƙe wannan iko. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne mai sana'a ya tambayi kansa nawa zai biya wanda bai haɗa komai da shi ba don wannan aiki, a wannan gari, na waɗannan sa'o'i.

Ma'aikaci, ɗan kwangila ko darakta

Ba duk ɗan'uwan da ake biya ba ne ma'aikaci. Wanda ke zuwa kullum, yana aiki da kayan ofis, yana bin umarnin maigida kan lokaci da yadda za a yi aiki, ma'aikaci ne. A kansa ake amfani da tsarin PAYE, inda mai aiki ke cire harajin daga albashi duk wata ya miƙa wa hukuma.

Ɗan'uwan da akanta ne mai ofishinsa da sauran abokan hulɗarsa, wanda ake kira sau ɗaya ko biyu a shekara ya daidaita lissafi, mai sana'ar kansa ne. Idan kamfani zai biya shi, harajin da ake riƙewa tun daga tushe ne ya shafe shi. Ƙa'idojin 2024 sun sa kashi 5 cikin 100 a kan ladar ƙwararru da masu ba da shawara mazauna Najeriya. Abin da aka riƙe ba ƙarin haraji ba ne, ana rage masa shi idan ya zo biyan harajinsa na shekara. Ƙa'idojin sun ɗauke wa ƙananan kamfanoni wannan riƙewa idan cinikin bai wuce Naira miliyan 2 a wata ba kuma wanda ake biya yana da lambar haraji.

Yawancin kamfanonin iyali suna sa sunan mata ko ɗa a matsayin darakta tun ranar rajista. Kuɗin zaman darakta ana riƙe kashi 15 cikin 100 daga cikinsa, ribar hannun jari kuma kashi 10. Ribar hannun jari rabon riba ce, ba a cire ta a matsayin kuɗin gudanarwa. Tun bayan dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya na iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, don haka sa sunan ɗan'uwa don cike gurbi ya daina zama dole.

Gida da mota da sauran alfarma

Sau da yawa abin da ake ba ɗan'uwa a hannu kaɗan ne, sauran a cikin alfarma yake. Idan kamfani ya ba ma'aikaci gidan zama, ana ƙiyasta kuɗin hayar gidan a shekara a ƙara a kan albashinsa, kuma sabuwar dokar ta taƙaita wannan ƙari kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na abin da yake samu daga aikin. Idan mota ce ko wata kadarar kamfani aka ba shi yana amfanin kansa da ita, ana ƙara kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayenta a kowace shekara.

Ƙanen da ke kwana a ɗakin soro na gidan yayansa, yana cin abinci daga tukunyar gida, ba ya cikin wannan lissafi, matuƙar ba a rubuta kuɗin gidan da na abincin a littafin sana'a ba. Da zarar an rubuta su a matsayin kuɗin da kamfani ya kashe wa ma'aikaci, sun shiga abin da hukuma za ta duba.

Wa ake biya, kuma yaushe

Harajin albashi na jihar da ma'aikaci yake zaune ne, ba jihar da ofis yake ba. Mai shago a Abuja da ƙanensa ke zaune a Mararaba zai miƙa harajin ga hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Nasarawa. Idan a Suleja yake, na Jihar Neja ne. Idan a cikin Babban Birnin Tarayya yake, na hukumar FCT-IRS ne. Mazauna Kano na KIRS ne, na Kaduna KADIRS, na Legas LIRS.

Ana miƙa abin da aka cire zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Zuwa 31 ga Janairu, mai aiki zai miƙa bayanin duk abin da ya biya ma'aikatansa a shekarar da ta gabata. Zuwa 31 ga Maris kuma, kowane mai kuɗin shiga zai miƙa bayanin kansa. Mai aiki da ma'aikaci duk suna buƙatar lambar haraji, wadda yanzu aka ɗaure ta da lambar zama ɗan ƙasa, NIN, ga ɗaiɗaikun mutane, da lambar rajistar CAC ga kamfanoni.

Tarar ba ƙarama ba ce. Rashin yin rajista, Naira 50,000 a watan farko da 25,000 a kowane watan da ya biyo. Rashin miƙa bayanai, Naira 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane watan da ya biyo. Wanda ya ƙi cire harajin da ya wajaba ya cire zai biya tarar kashi 40 cikin 100 na kuɗin. Wanda ya cire bai miƙa ba zai biya kuɗin, da tarar kashi 10 cikin 100 a shekara, da kuɗin ruwa. Wanda bai gamsu da abin da aka ɗora masa ba yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi, daga nan yana iya garzayawa kotun sauraron ƙararrakin haraji.

Fansho da kariyar doka

Ban da haraji, akwai wasu haƙƙoƙin da ke biyo ɗaukar ma'aikaci. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 15 ko fiye su riƙa zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Masu sana'ar kansu da ma'aikatan wuraren da ba su kai mutum uku ba an buɗe musu tsarin fansho na sa-kai a 2019, a ƙarƙashin hukumar PenCom. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF. Dokar mafi ƙarancin albashi kuwa ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, abin da ya fitar da mafi yawan shagunan iyali.

Akwai wani giɓi da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ya cire iyalan mai aiki daga waɗanda dokar ke kira ma'aikata, ya kuma cire masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa. Saboda haka tanade-tanadenta, irin su ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aiki cikin wata uku, ba sa kare iyalin mai aiki kai tsaye. Abin da irin wannan mutum zai dogara da shi a gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa shi ne yarjejeniyar da suka ƙulla. Idan ta baki ce, hujja za ta yi masa wuya.

Game da yara, dokar ta hana sa yaron da bai kai shekara 12 ba aiki, sai dai aiki mara nauyi na gona ko lambu ko gida a hannun danginsa. Rubuta sunan ɗan firamare a takardar albashin kamfani ba shi da madogara a dokar ƙwadago, balle a ta haraji.

Inda dukiyar jama'a ta shigo

Duk bayanin da ya gabata ya shafi sana'ar mutum ta ƙashin kansa ne. Dukiyar gwamnati hukuncinta daban. Sashe na 19 na dokar ICPC ta 2000 ya tanadi ɗaurin shekara biyar, babu zaɓin tara, ga jami'in gwamnatin da ya yi amfani da muƙaminsa ya ba kansa ko danginsa wata fa'idar da ba ta dace ba. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 sun kuma hana cikakken ma'aikacin gwamnati shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Ɗan'uwan da ke aikin gwamnati, aka ce ya zo ya riƙe ofishin kamfanin gida, ya kamata ya auna wannan kafin ya amsa.

Takardun da za a ajiye

Doka ta buƙaci a adana bayanan haraji na tsawon shekara shida. Ga sana'ar da ta ɗauki ɗan gida, abubuwan da ake buƙata ba su da yawa. Na farko, takardar ɗaukar aiki, ko da shafi ɗaya ce, mai ɗauke da ranar farawa da irin aikin da yawan albashi da yadda za a rabu, da sa hannun ɓangarorin biyu. Na biyu, biyan albashi daga asusun sana'a zuwa asusun ma'aikacin da sunansa, a lokaci sananne. Na uku, takardar albashi ta wata-wata da ke nuna abin da aka cire, da rasit ɗin hukumar haraji. Na huɗu, shaidar aikin kansa, kamar littafin da ya rubuta da hannunsa ko saƙonnin da ya aika wa abokan ciniki. Kyautar zumunci kuma a fitar da ita daga asusun maigida na kansa, kada a gauraya ta da albashi.

Amfanin waɗannan takardu bai tsaya ga hukuma ba. Biyan harajin albashi ne ke ba ma'aikaci damar samun takardar shaidar biyan haraji, wadda ake nema wajen neman kwangilar gwamnati da takardun fili da tsayawa takara. Albashin da ke shiga asusu a kai a kai shi ne abin da banki ke dubawa kafin ya ba da rance.

A kasuwannin Arewa an saba da cewa yaron shago yana hidima shekaru bisa fatan wata rana maigida zai sallame shi da jari. Alkawari ne da mutane da yawa suka cika, amma mutuwa ba ta jiran a cika shi. A tsarin gadon Musulunci, ƙanen mamaci ba ya gado idan akwai ɗa namiji, sai dai ana biyan bashi kafin a raba dukiya, kuma ladar aikin da ba a biya ba bashi ce. Ƙanen da ya yi shekara 15 yana riƙe ofis, idan yana da takardar da ta nuna albashinsa da abin da ya rage ba a biya shi ba, zai karɓi haƙƙinsa ba tare da ya ja da 'ya'yan yayansa ba. Idan babu takarda, sai abin da magada suka ga dama.

Wasu na ganin kawo takarda tsakanin 'yan'uwa alamar rashin yarda ce. Lokacin da ya fi sauƙin rubuta ta shi ne ranar da aka fara aiki, sa'ar da babu wanda ke jin an cuce shi. Wanda ya riga ya yi shekaru yana biyan ɗan gida babu rubutu zai iya farawa daga wannan watan: a zauna a yanke albashi, a raba shi da kyauta, a yi rajista da hukumar harajin jihar da ma'aikacin yake zaune, a kuma nemi ƙwararren akanta ya duba yadda za a daidaita abin da ya gabata.